Randar Sarki Zargumu

Wannan labari daga bakin tsofaffi ya fito, kuma yadda na karɓe shi da zafinsa haka zan miƙa muku shi.

A garin Rafin Jibga, inda kusan kowane gida ke da ramin kwaɓa yumɓu, an yi wata maginiyar tukwane ana ce mata Gwamma. Wanda bai taɓa ganin ginin tukunya a ƙasar nan ba, ga yadda ake yi: tukunya tana zaune a ƙasa abinta, maginiya ce ke duƙawa ta dafa ta da hannu biyu, tana zagaya ta da baya da baya har bango ya tashi, wuya ya fito, baki ya daidaita. Haka Gwamma ta gada, haka ta koya wa 'yarta Hakama. Duk yankin babu mai hannun Gwamma, har daga nesa ake zuwa neman randarta.

Wata rana da hantsi tana cikin zagaya wata randa a tsakar gida, sai ga guguwa ta keto darni. Ba ta taɓa kaji ba, ba ta taɓa shanya ba. Gwamma kaɗai ta sure ta yi sama da ita, aka bar randa da rabin wuya. Mutane suka yi ta salati, maza suka bazama daji nema, suka dawo ba labari. Tsofaffi suka ce ai ba yau aka fara ba, an sha ɗauke magina a garuruwan kewaye, kuma kullum wadda ta fi kowa hannu ake ɗauka.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sai guguwar ta dawo ta yar da Gwamma daidai inda ta ɗauke ta. Hakama ce ta fara isa kanta. Ta ga uwarta ta zama ƙashi da fata, sa'an nan ta kai ido ga ƙafafunta ta ga babu su. Ba yanke su aka yi ba. Cinyewa suka yi, tun daga tafin ƙafa har idon sawu, yadda ɗan dutsen niƙa ke cinyewa in ya tsufa.

Da sauran numfashin da ya rage mata Gwamma ta ba da labari. Ta ce sarkin aljanun Birnin Toka ne ya ɗauke ta, sunansa Zargumu. Ransa ba a jikinsa yake ba, wani garwashi ne guda, kullum ƙara girma yake yi, ya fasa duk tukunyar da aka taɓa sa shi. Shi ne yake so a gina randa kewaye da garwashin, wadda za ta riƙe shi har abada. Aljani kuwa ba ya iya taɓa ɗanyen yumɓu, da ya kai hannu sai ya bushe ya tsage, don haka yake satar matan mutane. Randar ta fi kuka tsayi, zafin garwashin yana busar da yumɓu nan take, dole maginiya ta zagaya a guje kafin ɗaya gefen ya bushe, kuma a kan dutse mai kaifi. A birnin nan rana ba ta faɗuwa, ɗan Adam ba ya jin yunwa, ba ya jin barci, sai gudu. In ƙafa ta ƙare ya mayar da mai ita gida ya ɗauko wata.

"Da zai ajiye ni," in ji Gwamma, "cewa ya yi wai ya gode, ƙafafuna sun fi na sauran ƙarko."

Kafin azahar ta cika.

Aka yi jana'iza, aka zauna makoki, kowa ya shigo sai ya ce a yi haƙuri. Hakama tana amsawa da baki, amma zuciyarta tafasa take yi. Ba mutuwar ce ta fi ci mata rai ba, kowa zai mutu. Godiyar nan ce ta tsaya mata a wuya, ta hana ta ci, ta hana ta sha. Ni kam ban ga laifinta ba. A gallaza wa uwarka har ƙafa ta ƙare, sa'an nan a yaba wa ƙafar, wane ɗan halak ne zai kwanta ya yi minshari?

Mijinta Tunau manomin lambu ne, mutum mai sanyin rai, kullum yana bakin rafi yana jan jigo yana ban ruwa. Ya lallashe ta, ya tuna mata da 'yarsu Yalwa da ba a daɗe da yayewa ba, ya ce mutum bai taɓa yin faɗa da aljani ya ci ba. Yalwa 'yar fari ce, don haka Hakama ba ta kiran sunanta, ko wasa da ita ba ta yi a gaban mutane, amma duk gidan an san ita ce ranta.

"Maigida, ka riƙe yarinyar," in ji ta. "In na zauna a gidan nan da abin da ke cikina, ni da ku duka zan ƙona."

Ta ɗaura zane ta ci ɗamara, ta soke ɗan ƙarfen da take kankare tukunya da shi a ƙugu, ta bi sawun guguwar, don duk inda ta bi ciyawa ta kwanta ba ta sake tashi ba.

Ta yi ta tafiya har garuruwa suka ƙare, gonaki suka ƙare, tsuntsaye ma suka daina bin ta sama. Sai ta iso bakin wani kogi baƙi ƙirin, faɗinsa har ido ba ya ganin ɗaya gaɓar sosai. A bakin ruwan akwai kwalekwale, a cikinsa wata tsohuwar aljana mai ƙafafun agwagwa tana tsefe gashinta da ƙayar kifi.

"Ya ke 'yar Adam," in ji tsohuwar, "me ya fito da ke daga ƙasar da ake mutuwa a kan tabarma?"

"Kaka, wanda ya kashe uwata nake nema. Sunansa Zargumu."

Tsohuwa ta yi dariya har ta yi tari, ta ce duk mai nufin Zargumu da sharri jikanta ne, ta shigo. Amma ta gargaɗe ta cewa wannan ruwa yana haɗiye duk abin da ya motsa a kansa. Don ta nuna mata, ta jefa kara. Karan yana fara tafiya ruwan ya buɗe baki ya lanƙwame shi. Hakama ta tambaya to ta yaya ake ƙetarewa, tsohuwa ta ce ba a ƙetarewa, zama ake yi.

Hakama ta shiga ta naɗe ƙafa. Tsohuwa ta laluba ƙarƙashin ruwa, da yake shi ruwan ya san ta tare suka tsufa, ta ciro wata igiya mai kauri ta fara ja. Kwalekwale bai gusa ko taki ɗaya ba. Gaɓar da suka baro ce ta yi ta ja da baya, ta can kuma ta taho da itatuwanta da duwatsunta. Ruwan ya ji ƙanshin mutum, ya aiko da matsattsaku suka hau ƙafafun Hakama, suka hau wuyanta, suna tsotsa. Ya aiko da maciji ya naɗe mata hannu, ya sa harshe a kunnenta. Tsoro ya kama ta ƙwarai, jikinta yana neman yin rawa, sai ta sa ƙafafun uwarta a gaban idonta ta kafe. Ko ƙifta ido ba ta yi ba har gaɓa ta zo ta bugi hancin kwalekwale.

Da ta fito tana ɓamɓare matsattsaku, ta ce, "Kaka, mu muka je wurinta ko ita ta zo wurinmu?"

"Kin ji 'yar nema," in ji tsohuwa. "Ga ki a tudu. Ina ruwanki da wanda ya yi tafiyar?"

Hakama ta tafi tana juya maganar nan a ranta.

Gaba kaɗan ta ci karo da baƙin tsauni, ba hanya ta dama, ba ta hagu. A gindinsa akwai wani ɗakin dutse zagayayye kamar rumbu, a bakinsa wani aljani a zaune, kansa na kura, wuyansa cike da sarƙar haƙoran mutane. Shi ne mai tsaron ƙofar Birnin Toka. Ya shigar da ita ɗakin ya nuna mata mabuɗi. Ƙarfe ne mai kaurin giginya, gindinsa a kafe cikin dutsen ƙasa, kansa ya shige cikin kuba a rufin ɗakin.

"Ya ke baƙuwa, ga sharaɗin wannan ƙofa," in ji shi. "Ki buɗe kubar nan ki wuce. Duk gwajin da kika yi ba ta buɗe ba, haƙori ɗaya nawa ne. Ƙarfafan maza sun zo nan da baki cike, sun koma suna shan kunu."

Hakama ta rungumi mabuɗin ta murɗa iya ƙarfinta, har jijiyoyin wuyanta suka tashi. Bai ko yi ƙara ba. Mai ƙofa ya sa farce ya ɓalle mata haƙorin gaba, a tsanake, kamar mai ɓarar gyaɗa. Haushi ya sa ta sake faɗa wa ƙarfen da kafaɗa, ta sake rasa wani. Ta fito waje tana tofar da jini, jiri na ɗibarta, ta jingina da bangon ɗakin. Sai ta ji bangon ya ɗan gusa.

Ta duƙa ta leƙa gindin ginin, ta ga ashe ɗakin ba a ƙasa yake ba, a kan wasu duwatsu mulmulallu yake zaune. Nan tsohuwar kogi ta faɗo mata a rai. Ta koma ta ce za ta sake gwadawa. Mai ƙofa har ya fara wasa farce. Ba ta ko dubi mabuɗin ba, ta sa kafaɗa a jikin dogaran ƙofar ɗakin ta tura. Ɗakin ya fara juyawa da kubarsa da mai gadinsa, mabuɗi na tsaye inda yake. Tana kai rabin zagaye aka ji ƙas daga sama, tsauni ya tsage biyu.

Mai ƙofa ya yi tsaki, ya ce tun da aka ajiye shi a nan bai san gidansa yana yawo ba. Ya so ya yi gardama, amma ga hanya a buɗe, sai ya kauce yana hararar sauran haƙoranta.

Bayan tsaunin ta faɗa wani kurmi da ba ta taɓa jin irinsa ba. Itatuwan ba su da saiwa. Gindin kowanne tsini ne, a kan tsinin yake tsaye yana juyawa kamar mazarin kaɗi, kuma kowace itaciya tana da birinta mai zane ta da bulala don kada ta tsaya. Ƙugin wurin ya isa ya kurmanta mutum, rassa na wucewa ta saman kanta kamar za su sare shi. Tana rarrafe tana kutsawa, sai ta ga wani tsohon biri ya gaji ya sauke hannu yana haki. Itaciyarsa ta rage gudu, ta yi tangal-tangal, ta faɗo a kansa. Sauran birai ko waiwaye ba su yi ba, kowa na ta kansa.

Hakama ta daɗe a duƙe tana kallon wurin. Tun mutuwar uwarta ba ta yi murmushi ba sai a nan, ga giɓi sabo, ga jini a leɓe.

Birnin Toka sunansa ya bi shi, toka har idon sawu. Aljanun birnin duk a gefe-gefe suke zaune, an bar fili fetal tsakaninsu da katangar fada. Ta tambayi wani mai sayar da ƙasusuwa dalili, ya raɗa mata cewa duk aljanin da ya kai ga garwashin sarki zai iya haɗiye shi ya zama sarki, saboda haka ko ɗan cikinsa Zargumu bai yarda ya tsallaka katangar nan ba. Mutum ne kaɗai ke shiga, don mutum ba ya haɗiyar wuta.

Ta shiga, ta ga randar. Tana zaune a kan wani faffaɗan falalen dutse, gindinta ya gasu ya yi ja, bangonta ya fi na ganuwa kauri, samanta a buɗe yana fitar da huci. An kewaye ta da hanyar dutse mai hawa, kuma hanyar ta lotsa ta zama kwari saboda gudu, ta yi baƙi da busasshen jini. A kafaɗar randar, inda aiki ya tsaya, Hakama ta hango shatar hannu a jikin yumɓu. Ta san hannun nan, shi ya yi mata kitso tana ƙarama. Ƙiyayya ta cika ta har ta ji ɗacinta a harshe.

Sai ga Zargumu ya fito daga bayan randar. Tsayinsa ya kai rabin na randar, idanunsa kamar bakin murhu, ƙafafunsa kofato ne irin na jaki.

"Ya ke 'yar Adam, ban aika a ɗauko ki ba. Wace ce ke, kuma wa ya buɗe miki ƙofata?"

"Ranka ya daɗe, ni ce Hakama 'yar Gwamma ta Rafin Jibga. Ƙofarka ni na buɗe ta."

"'Yar mai ƙafafu masu ƙarko! Fansa kika zo ɗauka?"

"Da zan iya da na ɗauka tun ban gaishe ka ba."

Ya yi dariya har toka ta tashi. Ya ce ta ɗauki dutse ta bugi randar in tana so, giwa ma ba za ta fasa gindin nan ba. Tun da kuwa ta kawo kanta, ga yumɓu can a tare, ta hau ta fara gudu.

Hakama ba ta motsa ba. Ta ce ya ɗaga kai ya dubi abin da ya rage, kafaɗa da wuya da baki, aikin da ya fi ƙarfin ƙafafu biyu. Ta ce ya riga ya cinye duk maginan kirki na ƙasarsu, in tata ƙafar ta ƙare sai dai ya ɗauko masu ginin kaskon tuya. Garwashin kuwa ba jira yake yi ba, ga shi har ya fara leƙowa. Wannan magana ta taɓa shi, don ita ce abin da ke hana shi sukuni.

Ta nemi guntun katako zagayayye, ta ɗora shi a kan turke mai tsini, ta aza curin yumɓu a tsakiya. Ta sa ƙafa ta juya katakon, ta kafe hannayenta wuri ɗaya. Tukunya ta taso tsakanin tafukanta, sumul, kafin ya gama gyara tsayuwa.

"Iyayenmu sun saba tukunya ta zauna maginiya ta zagaya," in ji ta. "Ni na ce randa ta zagaya, maginiya ta tsaya. Kowane gefe zai zo hannuna da kansa kafin ya bushe, kuma ƙafata ba za ta ƙare ba balle aikinka ya tsaya."

Kwaɗayi ya kama Zargumu. Ya tambaye ta wa zai juya randa mai nauyin tsauni. Ta ce ai yana da bayi, ya kira su. Ya daka tsawa ya ce babu aljanin da zai tako wurin nan yana raye. Ta sunkuyar da kai kamar mai jin tsoro, ta ce to sai dai shi, in ƙarfinsa zai kai. Kun san mai girman kai, da an ce "in ƙarfinka zai kai" an gama da shi.

Amma ba wawa ba ne. Ya ce abin da ke tsaye a kan tsini faɗuwa yake yi in ya tsaya, to me zai riƙe randar in an gama? Ta ce matokarai. Ta zana masa a toka: gumagumai a kewaye da falalen dutsen, kowanne da dutsen nauyi a bayansa kamar jigon da mijinta ke ban ruwa da shi, yadda mace ɗaya za ta ja igiya su kwanta, ta sake ja su tashi su tokare.

Shi kaɗai ya yi aikin, tun da ba ya yarda da kowa. Ya tumɓuko manyan itatuwa ya kafa matokarai, ya haƙa rami mai zurfi a bayansu inda duwatsun nauyi ke lilo. Ya shiga ƙarƙashin falalen dutsen da randar ke kai ya sassaƙe shi da farcensa, har ya bar shi a kan tsini guda. Ya soka doguwar sandar ƙarfe a gefen dutsen wadda zai riƙa turawa. Ya gina wa Hakama dandamali daidai kafaɗar randa, ya tara mata yumɓu da ruwa, duk igiyoyin suka haɗu a wurin. Ya sa ta ta kwantar da matokarai ɗaya bayan ɗaya ta tayar, ya sake sa ta, har hankalinsa ya kwanta.

Sa'an nan ya dafa sandar ya tura. Randa ta yi ƙara ta fara juyawa. Da ta ɗauki gudu, Hakama ta ja igiyoyi, matokarai suka kwanta, aka bar ran sarkin aljanu yana yawo a kan tsini, shi kuma yana zagaye a ƙasa a kan dutsen nan mai kaifi.

Ta yi aiki irin wanda ko uwarta za ta yaba. Kafaɗa ta rufu, wuya ya taso, yumɓu na zuwa hannunta yana wucewa. Sai dai duk sa'ad da shatar hannun Gwamma ta zagayo gabanta, sai ta ɗebi yumɓu ta maka a gefen nan kaɗai. Ta zagayo, ta maka. Ta zagayo, ta maka. Zargumu na ƙasa kansa a sunkuye, bai ga komai ba, ya dai ji sandar tana ƙara fizgarsa, ya ɗauka nauyin wuya ne. A hankali randar ta zama mai gefe ɗaya, irin wadda in aka sake ta ko na numfashi guda ne za ta kife.

Ta jiƙa tsumma ta gyara baki, ta wanke hannu. Ta ce masa aiki ya ƙare.

"Madalla da 'yar Gwamma," in ji shi yana haki. "Tayar da matokarai."

Ta zaro ƙarfen kankare tukunya daga ƙugunta, ta bi igiyoyin tana yankewa. Duwatsun nauyi suka suɓuce cikin rami, matokarai suka bi su, aka ji faɗuwarsu can ƙasa.

Zargumu ya saki sandar ya yunƙuro zai cafke ta. Randa ta karkata, garwashi ya gangara ya bugi bango daga ciki, shi kuma ya dafe ƙirji ya yi ƙara, ya koma da gudu ya kama sandar. Ya rikiɗa ya zama guguwa, sandar ta ratsa ta cikinsa ba abin da ya tura, dole ya dawo da jikinsa. Ya buɗe baki zai kira bayinsa, ya tuna abin da za su yi in sun shigo, ya rufe. Ya zage ta, ya zagi kakanninta, ya lissafa mata irin azabar da zai yi mata. Duk yana yi yana zagaye.

Hakama ta sauko daga dandamali ta tsaya inda hannunsa ba ya kaiwa. Ta ga kofatonsa ya fara barin fari-fari a kan dutse, daga baya ya fara barin ja. Daɗi ya kama ta, daɗi mai zafi wanda ba ta taɓa jin irinsa ba, kuma ba ta ji kunyarsa ba.

Da zagi ya ƙare, sai murya ta sauka.

"Ya ke Hakama, ki saurara. Tsaunin da kika shigo ta cikinsa ya rufe, ba ya buɗuwa daga ciki. Babu mai fita daga Birnin Toka sai wanda na ɗauka a bayana, uwarki ma haka ta koma. Akwai sauran igiya a dandamali, akwai guntayen itace da za ki iya ja. Ki tokare mini randar nan, na rantse da wutar da aka halicce ni da ita, rantsuwar da aljani ba ya karyawa, zan kai ki tsakar gidanku lafiya, kuma ba zan sake taɓa ɗan Adam ba."

Ta san gaskiya ya faɗa.

Ya zagayo ya ce, "Na ga 'yarki ranar da na mayar da uwarki. Tana bakin ƙofa da ɗan ƙoƙo a hannu. Yalwa. Yanzu haka tana can tana duban hanya."

Sunan nan ya soke ta. Ta tuna nauyin yarinyar a bayanta, da yadda take kama mata zane in za ta fita. Hawaye suka zubo mata, ta yi kuka sosai, har da shessheƙa, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Ta juya ta dubi dandamalin, ga igiyar can a naɗe kamar yadda ya ce. Ta daɗe tana dubanta. Zargumu ya ga haka, ya fara sassauta tafiya, har fuskarsa ta ɗan saki.

Hakama ta share ido da gefen zane. Ta duba nan ta duba can, ta sami wani dutse mai faɗi daidai inda za ta riƙa ganin ƙafafunsa duk zagayowa. Ta kakkaɓe tokar da ke kansa, ta zauna, ta miƙe ƙafafunta.

"In na faɗi, a nan za ki dawwama," in ji Zargumu. "Ba za ki sake ganin 'yarki ba."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Hakama. "Ƙara sauri, randar ta fara karkata."